Yadda Teku Ta Jera Kawu Lambros da Dalma

Froso! Ke Froso, kina ji na? Ajiye duk abin da ke hannunki. A'a, kar ki yi min barka da sabuwar shekara tukuna, bari in numfasa, da gudu na hawo daga bakin teku. Ke dai kin yi asara! Shekara da shekaru muna ƙauyen nan ba abin da ke faruwa, sai da kika tafi birni hutu sannan Kawu Lambros ya... tsaya, bari in faro miki daga tushe, in ba haka ba ba za ki ji daɗinsa ba.

Kin san Kawu Lambros dai, ƙanin mamata, mai tumbi da gashin baki. Wanda bara ya ce zai yi kiwon dodon koɗi ya sayar wa Faransawa, suka tsere suka cinye wa Kaka latas ɗinta. To bana teku ya sa a gaba. Ya sayar da babur ɗin matarsa Anti Kula, ya sayo na'urar nan mai shinshinar ƙarfe a cikin yashi: sanda ce mai faifai a ƙasa da abin toshe kunne, in ta ji ƙarfe sai ta yi ɗiiit. Wai in bazara ta yi, baƙi masu wanka suka zubar da zobba da sarƙoƙi, shi zai riƙa nemo musu suna biya. Har allo ya kafa a ƙofar gida: ABIN DA TEKU TA ƊAUKE, LAMBROS ZAI DAWO DA SHI.

Anti Kula ta karanta ta ce, "To fara dawo min da babur ɗina."

Hutun nan ni nake goge tebura a shagon gahawar Babana, don haka duk a kunnena aka yi. Kullum Kawu zai shigo ya jingine na'urar a kujera kamar ita ma za ta sha gahawa, ya fara wa tsofaffi masu karta lacca.

"Ku in kun kalli teku ruwa kuke gani. Ni ma'aikaciyata nake gani! Teku ba ta zubar da kaya barkatai. Igiyar ruwa in ta taho da ƙarfi ta kwaso komai, in za ta koma ƙarfinta ya ragu, sai ta bar kowane abu a layinsa. Marfin kwalba da kunnen gwangwani can sama wajen busasshiyar ciyawa. Sulalla a tsakiya, manya da manya, ƙanana da ƙanana, kamar da hannu aka jera. Masu nauyin tsiya kuwa, irin dalmar da masunta ke ɗaura wa fatsa, ba sa hawowa ko kaɗan. Suna can ƙasa, inda ruwa ke kwakware yashi ya yi rami."

Riƙe wannan na ƙarshen, Froso. Da bakinsa ya faɗa, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Barba Fotis, tsohon masuncin nan mai haƙori ɗaya a gaba, bai ko ɗago daga kartarsa ba ya ce, "Lambro, nawa kake biyan ma'aikaciyar taka a wata? Don ni shekara sittin ina tare da ita, ko gaisuwa ba ta taɓa amsa min ba."

"Ai ba ka iya yarenta ba ne, Barba."

"Kai kuma a ina ka koya? A bahon wanka?"

Sai Kawu ya ce zai nuna musu. Ya kwashe jan farcen Anti Kula, sabo fil, ya shafe sulalla cikin tafin hannu biyu, ya je ƙarshen gadar katakon nan da masunta ke zama, ya watsa su a ruwa. Iska ta taso da dare. Washegari, abin haushi, Froso, sai ga su! Ba duka ba, amma ga su nan ja-ja a jere cikin jiƙaƙƙen yashi, daidai gaban famfon wanka na bakin teku. Ai shi ke nan, aka shiga uku. Ranar ko ƙofar shago da ƙyar ta ishe shi shigowa.

Barba Fotis ya ce, "Wannan ai kowa ma zai iya. 'Yan sulallan da ko kyanwa ba za ta sunkuya ta ɗauka ba. In ka yarda da ma'aikaciyar taka, ba ta abin da in ya ɓata za ka yi kuka."

Kawu ya ce, "Kamar me?"

"Oho. Kai ne mai ilimi."

Wallahi na ga lokacin da idonsa ya yi wani ƙyalli. Don abu ɗaya ne tak a danginmu da in ya ɓata za a yi kuka, kin kuma san shi: zinariyar Kaka Asimina. Sulen zinarin da kakarta ta ɗinke a bakin siket ta tsallako teku da shi lokacin gudun hijira. Shi ne Kaka ke cusawa a cikin vasilopita, kek ɗin sabuwar shekara, wanda duk ya same shi a yankansa sa'ar shekara tasa ce, ya kwana da shi ƙarƙashin matashin kai, da safe ya mayar mata cikin ɗan kofin da ke gaban hotunan waliyyai. Ko lokacin yunwar yaƙi ba a sayar da shi ba. Kakana ya taɓa cewa a sayar a gyara rufi, Kaka ta sa ya yi wata yana cin abinci a tsaye.

Da la'asar ɗin ranar sai ga Kawu a ƙarshen gada, duk 'yan shago sun biyo shi, ni ma da tsumma a hannu. Ya ɗaga abin sama, rana ta haska shi. Shi ne, Froso! Shi ne!

Babana ya ce, "Lambro, kana da hankali kuwa? Jibi tsohuwa za ta kwaɓa kek!"

"Gobe guguwa ce, jibi da safe ma'aikaciyata za ta ajiye min shi gaban famfo. Kafin Mama ta fasa ƙwai yana cikin kofinsa."

"In ta leƙa kofin fa?"

"Na sa mata wani a madadinsa. Ba za ta gane ba."

Ya haɗa zinariyar da jajayen sulallansa, wai su yi mata rakiya su nuna mata hanya, ya wurga. Tsulum! Barba Fotis ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar ana wucewa da gawa.

Ya ce, "Ni fa wasa nake yi."

Kawu ya juyo kaina ya ce, "Ke Dafni, in kika faɗa wa kakarki, ba ni ba ke." Ni? Ni in faɗa in ɓata wa kaina kallo?

Guguwa kam ta zo, har tagogi suna rawa. Jiya da safe, jajibirin sabuwar shekara, Kaka ta ɗaura gaban riga na girki ta fito da gari da man shanu, ta aike ni in sayo lemo. Ni kuwa na bi ta bakin teku, don lemo ba ya gudu.

Ke, kamar ranar biki! Rabin ƙauye na can. Kawu ya kewaye gaban famfo da igiya da turaku, ya sa wandon robar nan na masunta mai haɗe da takalmi wanda ke kaiwa har ƙirji, ga hular kyaftin, ga tabarau, ga diga da shebur. Ruwa ya yanke yashin gaɓa ya yi tudu kamar matakala, raƙuman ruwa kuma har lokacin ba su huce ba, suna ta tasowa suna dukan gada.

"Jama'a a matsa baya! Ilimi na buƙatar iska!"

Ya toshe kunne ya fara shara da faifan. Ɗiiit! Jan sule. Ɗiiit! Wani jan sulen. Ɗiiit, ɗiiit, ga su nan a layi. Yana ɗagawa yana nuna wa mutane yana rusunawa kamar mawaƙi. Layi ya ƙare. 'Yan rakiya duk sun iso, wadda aka raka ba ta zo ba.

Barba Fotis ya ce, "Ko ta tsaya gaisawa da dangi ne a hanya?"

Kawu ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta wuce maƙogwaro ba. "Babbar baƙuwa ai ita ke zuwa a ƙarshe."

Ya koma sama. Marfin kwalba. Kunnen gwangwani. Marfin kwalba. Cokali. Anti Kula tana tsaye ta harɗe hannu ta ce, "Ci gaba, Lambro, saura tukunya mu buɗe gidan abinci." Gumi ya fara keto masa, a wannan sanyin fa. Yana ta satar kallon tudu, wajen gidan Kaka.

Can gefe sai na'urar ta kurma ihu, ƊIIIIIT! Kawu ya daka tsalle.

"Wannan ba ƙaramin abu ba ne! Jama'a, ina jin guguwa ta tono angar 'yan fashin teku, ƙarfen da ke tsayar da jirginsu! Da kuɗinta zan saya wa Mama zinariya goma!"

Ya haƙa, ya haƙa, ya kama wani ƙaton ƙarfe mai tsatsa, ya girgiza, ya ja, ya tuma da baya tim! Ƙarfe ya fito, wata igiya ta sulale daga jikinsa ta bi yashi suuu ta shige ruwa. Kowa ya bi ta da kallo. A ɗaya ƙarshen igiyar akwai kwalekwalen Barba Fotis, yana ta tafiya abinsa kamar an aike shi.

"Turkena! Turken jirgina ne, ɗan banza! Angar ubanka!"

Ban taɓa sanin Barba Fotis na iya gudu ba. Ya faɗa ruwa da wandonsa da komai, samari biyu suka bi shi, da ƙyar suka kamo jirgin ya haye ciki yana zage-zage, wasu zagin ma ban taɓa jin su ba, na haddace miki biyu.

Kawu ya ce, "Ƙaramin kuskure ne, duk masana suna yi." Ya dawo daidai gindin famfo. Ɗiiit! "Yauwa! Na ce muku gaban famfo! Ta nutse ne kawai."

Babana ya ce, "Lambro, a nan fa akwai..."

"Suruki, kai gahawa ka sani."

Ya ɗaga diga sama da dukkan ƙarfinsa. Ƙwal! Sai fuuuu! Ruwa ya yi tsiri sama ya fi tsayin fitilar titi, ya sauko a kan jama'a. Tsohon bututun ruwa ne, Froso, wanda ke kai wa famfon wanka da duk gidajen layinmu. Mata suka watse suna ihu, kowacce na tuna kwanukan da ta bari a wurin wanki da naman da ba ta wanke ba. Matar mai gidan burodi ta ce, "Ranar jajibiri! Ranar jajibiri ka kashe mana ruwa, Allah ya isa!" Kawu kuwa ya zauna a kan ɓular, wai zai toshe da mazaunansa, ruwan yana fita ta gefe da gefe kamar fukafukai.

Ana cikin haka sai kowa ya waiwaya. Mutane suka dare gida biyu. Kaka ce. Tana saukowa a hankali, baƙaƙen kaya, gaban riga duk gari, hannu duk kwaɓi, ta riƙe wani abu da yatsu biyu nesa da jikinta kamar mataccen ɓera.

"Lambro."

"Na'am, Mama! Barka da... ya kika fito cikin sanyin nan?"

"Famfona ya ɗauke ina tsakiyar kwaɓi. Na ce to bari in ɗauko zinariyata kafin ruwa ya dawo. Na sa hannu a kofi." Ta ɗaga abin. Takardar gwal ce a lanƙwashe, wani baƙin abu na ɗiga daga ciki. "Shekara ɗari tana gidanmu, sai bana ta narke. Har da ƙanshin cakulan."

Froso, sulen cakulan ya sa mata! Irin na yara! Ga kofin kusa da fitilar man waliyyai da ke ci dare da rana! Na cusa gyalen wuyana a baki don kar a ji ni.

"Mama, tana hanya. Wallahi tana hanya. Ajiya na ba teku."

"Ka ba wa?"

"Ilimi ne, Mama, ba za ki gane ba. Minti biyar!"

Ya zabura ya mayar da abin kunne, ya rarumi na'ura, ya fara ja da baya yana shara, idonsa na kan Kaka. Ita tana matsowa, shi yana ja da baya. Ruwa ya kai masa idon sawu. Ya kai gwiwa. Yana ta murmushi yana ɗaga mata babban yatsa. Sai muka hango ta a bayansa, wata uwar igiyar ruwa, ta taso kamar bangon coci.

Kowa ya ɗauki ihu, "Lambro! Bayanka! Bayanka!"

Kunne a toshe. Ya ga muna ɗaga hannu, ya ɗauka jinjina ce, sai ya rusuna mana.

Ɗam! Ƙafafu biyu na roba muka gani a sama, sannan tumbi, sannan ƙafafu kuma. Ta mirgina shi, ta kawo shi, ta fasa, ta koma da shi, ta ja shi har gindin gada ta zaunar da shi a cikin ramin da ta kwakware. Wandon ya cika da ruwa da yashi, ya kasa tashi, kansa kawai ke waje yana tofar da ruwa yana kiran duk waliyyan da ya sani.

To ga abin da ya kashe ni. Da ruwan ya janye, sai ga kayan Kawu a kan yashi, a jere! Hular kyaftin can sama wajen ciyawa. Ƙasa da ita tabarau. Ƙasa kaɗan abin kunne. Sai jajayen sulalla a layinsu. Sai makullan gida. Sai na'ura a bakin ruwa tana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da aka taka. Can ƙarshe, a ramin masu nauyin tsiya, mai kayan da kansa.

Anti Kula ta bi layin da ido tun daga sama har ƙasa ta ce, "Kai, ma'aikaciyar nan ta iya aiki."

Barba Fotis ne ya matso da jirginsa, ya saƙala ƙugiyar jan jirgi a maɗaurin wandon, ya jawo shi zuwa gaɓa kamar buhun dankali, yana ja yana tambaya, "Me ta ce maka a can ƙasan? Ai kai ka iya yaren." Maza huɗu suka kama, suka zare masa wandon da ƙyar, ya rage daga shi sai dogon wandon ciki na ulu mai hoton barewa, wanda Kaka ta saƙa masa. Babana ya kama ƙafafun wandon robar ya zazzage a gaban kowa. Ruwa. Yashi. Wani ɗan ƙaguwa ya fito ya ruga. Sai dalma, ƙwal, ƙwal, ƙwal, dalmar fatsa ta fi cikin kwano. Sai wani abu ya gangaro ya yi juyi ya kwanta daidai gaban takalmin Kaka, yana ƙyalli.

Ashe tun da ya wurga ta ko taku ɗaya ba ta yi ba. Zinari ai ya fi dalma nauyi! Tana gindin gada cikin 'yan'uwanta, inda shi da bakinsa ya ce masu nauyi ke zama, shi kuma yana can yana fasa mana bututu. Sai da teku ta gaji ta ɗauke shi ta kai shi wurin, ta zuba masa a wando.

Kina tsammanin ya ji kunya? Haƙoransa na kaɗawa, leɓe ya yi shuɗi, ya miƙe cikin wandon barewa ya ɗaga hannu. "Ku-kun gani? Me na ce? Ta dawo ko ba ta dawo ba? Da-da gangan na shiga!"

Kaka ta sunkuya ta ɗauki abarta, ta goge a gaban riga. Ni ta kalla. "Ina lemona?"

Da ruwan rijiyar coci aka ƙarasa kwaɓin, Kawu ne ya yi ta jigila da bokiti, ba gidanmu kaɗai ba, duk layin. Ita kuwa zinariyar sai da Kaka ta tafasa ta sau biyu, ta ce ba don teku ba, don inda ta fito.

To yau da rana aka taru yankan kek. Kawu na lulluɓe da bargo yana atishawa, amma baki bai mutu ba, har yana cewa a gyara allon ƙofar gida a ƙara girmansa. Kaka ta yi alamar gicciye a kan kek da wuƙa ta fara yanka kamar kullum: na Almasihu, na Maryamu, na gida. Sai ta yanka wani ƙato ta ajiye gefe.

"Wannan na teku ne. Bana ta yi mana aiki, ba a biya ta ba."

Sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya hau tona nasa da cokali mai yatsu. Ni babu. Mamata babu. Babana babu. Kawu ya ragargaza nasa ya zama gari, babu. Aka duba na Almasihu da na Maryamu da na gida, babu. Sai duk muka juya muka kalli yankan teku.

Kaka ta tura farantin gaban Kawu. "Sa'ar shekara tata ce. Tashi ka kai mata, ka jefa daga ƙarshen gada."

Fuskarsa ta yi fari fat. "Mama... da abin a ciki?"

"Da abin a ciki."

"Mama, don Allah! In ta tafi fa? Wa ya san inda ruwa zai kai ta? Teku ce fa, Mama, ba ta da amana!"

"Au? Ba ma'aikaciyarka ba ce?"

Kawu Lambros, Froso! Baki a buɗe, ba kalma! Babana ya shiga tari, Anti Kula ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Kaka ta bar shi ya jiƙu sosai, sannan ta sa yatsa a cikin yankan ta zaro zinariyar, ta lashe, ta jefa a aljihun gaban riga.

"Sa'ar tata, zinariyar tawa. Ɗauki kek ɗin ka kai."

Daga can nake yanzu. Ya tafi da bargonsa da faranti, yara na biye, 'yan shago na tafa masa. Bai ko kai tsakiyar gada ba tsuntsayen teku suka yi masa rubdugu, suka kwashe kek ɗin, ɗaya ta haɗa da hular kyaftin ta yi sama da ita ta saki a ruwa.

Barba Fotis na zaune cikin jirginsa ya ɗago ya ce, "Kar ka damu, Lambro. Gobe ka duba layin sama."